Jeremiah Denton: Soja, Ɗan Katolika, Uban 'Ya'ya Bakwai

(An rubuta wannan lacca daga faifan da aka naɗa a zauren taro. An rage gaishe-gaishe da maimaici.)

Shugaban taro, iyayenmu maza da mata, malamai, 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Na hango tsofaffin sojoji a layin gaba, ina miƙa muku gaisuwa ta musamman.

Mutumin da zan yi magana a kansa Ba'amurke ne, sunansa Jeremiah Denton. An haife shi ranar 15 ga Yuli, 1924, ya rasu ranar 28 ga Maris, 2014, yana da shekara 89. Sojan ruwa ne, matuƙin jirgin yaƙi, ɗan ɗarikar Katolika mai riƙo da addini, uban 'ya'ya bakwai, daga baya kuma sanata. In kun lissafa rayuwarsa za ku ga ta rabu gida uku. Shekara 41 kafin a kama shi, shekara 7 da wata 7 a kurkuku a Biyetnam ta Arewa, sannan wasu shekara 41 bayan an sako shi. Masu ba da labarinsa sun fi son 'yan mintoci kaɗan da ke tsakiya, inda ya yi magana da ido a gaban kyamara. Za mu zo wurin. Abin da ya fi jan hankalina dai shi ne hali ɗaya ne ya ratsa kashi ukun nan, kuma halin da ya tsirar da shi a ɗakin duhu shi ne ya ba shi wuya da ya fito sarari.

Garinsu Mobile, a bakin teku, cikin jihar Alabama a kudancin Amurka. Faransawa ne suka kafa garin a 1702, don haka Katolika sun daɗe a can da majami'unsu da makarantunsu. Amma da ka bar Mobile ka nausa cikin jihar, ƙasar 'yan Baftis ce da 'yan Metodis, kuma a wancan zamani ana yi wa ɗan Katolika kallon bare, mutumin da biyayyarsa ke wurin Paparoma a Roma. Abin har ya wuce kallo. A watan Agusta na 1921 aka harbe wani limamin Katolika, Fada James Coyle, a ƙofar gidansa a birnin Birmingham, saboda ya ɗaura auren 'yar wani mai wa'azi da wani ɗan Katolika. Uban yarinyar ne ya harbe shi, ɗan ƙungiyar Ku Klux Klan mai ƙin baƙaƙen fata da 'yan Katolika, kuma kotu ta sallame shi. Shekara uku bayan haka aka haifi Denton. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri yana sanin cewa addininsa abu ne da ake biyan kuɗinsa.

Gidansu ma bai zauna lafiya ba. Mahaifinsa akawun otal ne, yau suna wannan gari gobe suna wancan, yaron yana ta sauya makaranta. A 1938 auren iyayen ya mutu, uwar ta riƙe 'ya'ya maza uku, shi ne babba. Ga waɗanda ba su sani ba, a koyarwar Katolika aure yana cikin ibadu bakwai masu tsarki, kuma in an ɗaura shi yadda ya kamata ba saki, sai mutuwa. Ku riƙe wannan a zuciya, don bayan shekara 40 za ku ji wannan mutum yana ta maganar mutuwar aure a Majalisar Dattawa kamar wanda aka taka wa gyambo. A ganina gyambon ne kuwa.

Ya yi makarantar McGill ta Katolika, ya ɗan taɓa kwalejin Spring Hill ta limaman Jesuit, wadda aka kafa tun 1830. Karatun addini a irin waɗannan makarantu a lokacin hadda ce. Tambaya da amsa, yaro ya haddace. Addu'o'i, ya haddace. Mas, wato babbar sujadarsu, da Latin ake yin ta, yaro yana jin kalmomi iri ɗaya kowace Lahadi har su zauna masa a ka ko bai so ba. Masana tarbiyya na zamani sukan rena hadda, su ce aku ma yana yi. Za mu ga amfanin da ta yi wa mutumin da aka ƙwace masa komai.

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga makarantar hafsoshin sojan ruwa ta Annapolis. Ya gama a 1946, aji ɗaya da Jimmy Carter wanda ya zama shugaban ƙasa. A shekarar ya auri Jane Maury, 'yar garinsu. Daga nan sai rayuwar bariki: canjin wurin aiki, tafiya teku wata da watanni, haihuwa. Maza biyar, mata biyu. Yana da kai a aikinsa. A 1957 ya fito da wata dabara ta ɓoye manyan jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama daga idon na'urar hangen abokan gaba, ta hanyar watsa su cikin jiragen 'yan kasuwa maimakon su yi jerin gwano da kowa zai gane. Wannan kashi na farko ke nan, kuma da a nan ya tsaya, da ba wanda zai tara ku yau saboda shi.

A watan Maris na 1965 Amurka ta fara ruwan bama-bamai a kan Biyetnam ta Arewa ba ƙaƙƙautawa. Ranar 18 ga Yuli, kwana uku da cikarsa shekara 41, Denton, yana da muƙamin kwamanda, ya tashi daga jirgin ruwa mai suna Independence yana jagorantar hari kusa da garin Thanh Hoa. Jirginsa ya lalace a sama, shi da abokin tuƙinsa suka diro da laima, aka kama su.

A nan sai na ɗan yi bayanin doka. Biyetnam ta Arewa ta amince da yarjejeniyar Janeba kan fursunonin yaƙi tun 1957, amma ta ce Amurka ba ta ayyana yaƙi ba, saboda haka waɗannan matuƙa masu laifi ne da aka kama suna kisa. Su kuma sojojin Amurka suna da ƙa'idar da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu a 1955, bayan abin da ya faru da fursunoninsu a Koriya. Ta ce in an kama ka, ka faɗi sunanka, muƙaminka, lambarka da ranar haihuwarka, ka guje wa sauran tambayoyi iyakar ƙarfinka. Ta kuma ce wanda ya fi girman muƙami a cikin fursunoni shi ne shugaba, dole ya karɓi ragama. Denton yana cikin manya na farko da aka kama. Shugabanci ya faɗo masa, kuma masu tsaron sun san cewa in suka karya shi sun karya na ƙasa da shi.

Babban kurkukun, Hoa Lo, Faransawa ne suka gina shi a Hanoi zamanin mulkin mallaka don ɗaure 'yan kishin ƙasar Biyetnam. Wasu daga cikin shugabannin da ke mulki a 1965 sun taɓa kwana a ciki. Mari da ake sa wa ƙafa yana nan tun na Faransawa. Azabar da fursunonin suka fi ba da labari ita ce ta igiya: a ɗaure hannuwa ta baya har gwiwoyin hannu su haɗu, a danno kan mutum zuwa ƙafafunsa, kafaɗa ta goce, numfashi ya gagara. Sirrin soja bai dame su sosai ba. Abin da suke nema shi ne takarda da sa hannu, ko murya a faifai, matuƙin Amurka yana cewa ƙasarsa ta yi laifi.

Makamin fursunonin ƙwanƙwasa bango ne. An jera haruffa 25 a layi biyar, kowane layi harafi biyar, aka jefar da K, C ta tsaya a madadinta. Ka buga lambar layi, ka ɗan dakata, ka buga lambar gurbi. Da haka umarni ke ratsa gini, da sunayen sababbin kamu, da labarin wanda aka fita da shi jiya bai dawo ba. In bango ya yi nisa, a yi da tari, ko da sharar tsintsiya. Ranar Lahadi babba ya ba da alama, kowa a ɗakinsa shi kaɗai ya miƙe ya karanta Addu'ar Ubangiji lokaci guda da sauran da ba ya gani.

To, ga maganar ido. A watan Mayu na 1966, bayan kwanaki ana gana masa azaba, aka kai shi gaban wani ɗan jarida daga Japan da kyamarar talabijin. An riga an gaya masa abin da zai faɗa. Ya zauna, fitilu suna haska shi, ya yi kamar hasken ne ya dame shi, ya shiga ƙifta ido. Ƙiftawa doguwa, ƙiftawa gajeriya. Alamomin Mos ne, irin na wayar tangarahu, kuma abin da ya rubuta da idonsa kalma ɗaya ce ta Ingilishi mai harafi bakwai, ma'anarta azabtarwa. Ku gwada a gida ku ji wuyarsa: baki yana amsa tambaya, ido yana rubuta wani abu dabam. Da aka nuna hoton a Amurka ranar 17 ga Mayu, jami'an leƙen asirin sojan ruwa suka karanta, kuma wannan ne tabbaci na farko da suka samu cewa ana azabtar da mutanensu.

Ni dai abin da ya faɗa da baki ya fi ba ni tsoro. Ido a ɓoye yake, ana iya dacewa ba a gane ba. Amma da aka tambaye shi ra'ayinsa kan yaƙin, sai ya ce bai san abin da ke faruwa a waje ba, amma duk matsayin da gwamnatinsa ta ɗauka yana goyon baya, kuma zai ci gaba da goyon baya muddin yana da rai. A gaban waɗanda za su mayar da shi ɗaki ya faɗi haka. Sun kuwa mayar da shi, ya sha abin da ya sha.

A watan Oktoba na 1967 aka ware mutum 11 da aka ga sun fi taurin kai, har da shi da James Stockdale, wani babban hafsan sojan ruwa, aka kai su wani ɗan ƙaramin kurkuku a bayan ma'aikatar tsaro, wanda su suka laƙaba wa suna Alcatraz. Ɗaki bai wuce shimfiɗar mutum ɗaya ba, ba taga, fitila a kunne dare da rana, da dare a sa ƙafa a mari. Sun yi shekara biyu a nan. Ɗayansu, Ron Storz, bai fito da rai daga hannun masu tsaron ba. In aka haɗa duka, Denton ya yi kimanin shekara huɗu a kulle shi kaɗai.

Me mutum yake yi da kansa shekara huɗu? A nan haddar yarinta ta biya bashinta. Ba fada, ba littafi, ba majami'a, alhali babbar majami'ar Katolika ta Hanoi, ta Waliyyi Yusufu, tana nan cikin birnin, tafiyar ƙafa kaɗan daga Hoa Lo. Shi da kansa ya ba da labarin cewa yakan bi Mas a zuciyarsa daga farko har ƙarshe, da Latin da Ingilishi. Rosari kuma, wato carbinsu, gida biyar ne, kowane gida addu'a goma, kuma wanda ba shi da carbi yana da yatsu goma. Ba na cewa addu'a ta hana igiya ciwo. Abin da ta yi shi ne ta ba yini fasali. Mutumin da aka kulle shi kaɗai, abu na farko da ke narkewa shi ne lokaci, safiya da yamma su zama ɗaya, daga nan hankali ya bi. Wanda ke da abin da zai yi da asuba, da abin da zai yi in an kawo tuwon rana, [mai lacca ya gyara] in an kawo abincin rana, da abin da zai yi kafin a sa masa mari, yana da sauran mulki a kan ransa.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, don yana ɓata hoton jarumi. An karya shi. Kusan dukansu an karya su. Igiya tana kai mutum inda zai sa hannu a kan abin da aka ba shi. Abin da shugabannin fursunonin, har da Denton, suka tsara shi ne: ka jure iyakar iyawarka, in ka kai ƙarshe ka ba su mafi ƙanƙantar abin da za ka iya, ka cika shi da shirme in da hali, sannan da ka farfaɗo ka gaya wa na kusa da kai ta bango abin da ka yi, ka koma kan layinka. Gobe in sun dawo, su sake farawa daga farko. Wannan fassarata ce, amma ina ganin tarbiyyarsa a ciki. Ɗan Katolika ya saba da zuwa gaban fada ya furta zunubinsa, a ba shi abin da zai yi na tuba, ya tashi ya ci gaba, ya san kuma zai sake dawowa. Wanda ya ɗauka cewa faɗuwa ɗaya ta gama da shi, shi ne masu tsaro ke samu a hannu har abada, don kunya za ta hana shi komawa cikin 'yan'uwansa.

Yanzu mu bar Hanoi mu je Virginia Beach, inda Jane take da yara bakwai, daga saurayi har 'yar ƙaramar da ba ta san uban ba. Ana ce wa Denton mutumin iyali, kuma haka ne, amma gaskiya shekara kusan takwas iyalin nan mace ce ta riƙe shi. Ba ita da miji a gida, ba ita da takaba. Wasiƙa sai a jima ba a gani ba. Gwamnati kuma ta ce wa matan fursunoni su yi shiru, wai surutu zai ƙara wa mazansu wuya. Sun yi shirun shekaru, suka ga ba abin da ya sauya, sai suka fara haɗa kai. Sybil, matar Stockdale, ta ja gaba daga California, Jane tana cikin waɗanda suka tsaya a ɓangaren Virginia. A 1969 gwamnatin Nixon ta bar siyasar shiru ta fito ta yi maganar azabtarwar a fili, a 1970 kuma ƙungiyar iyalan fursunoni da waɗanda suka ɓace ta tsaya da ƙafafunta a hukumance. A ƙarshen 1969, bayan mutuwar Ho Chi Minh, shugaban Biyetnam ta Arewa, a watan Satumba, azabar ta ragu ƙwarai. Masana suna gardama kan wanne ya fi tasiri, mutuwar ko surutun duniya. Ko ma wanne ne, matan suna da kaso.

Kafin mu dawo da shi gida, akwai bashin da ya kamata in biya. Wannan mutum bama-bamai ya je jefawa. A ƙarƙashin jiragen nan akwai ƙauyuka, da manoma, da yara. Amurka ta rasa sojoji sama da 58,000. Gwamnatin Biyetnam ta ce a 1995 an kashe mata fararen hula kimanin miliyan biyu, ban da mayaƙa sama da miliyan ɗaya. Gandiroban da ke ɗaure shi wataƙila yana da nasa mamacin. Wannan bai halatta igiya ba, amma wanda ya ba da labarin Denton ya tsallake wannan, rabin labari ya bayar.

Ita ma ikilisiyarsa ba bakinta ɗaya ba. Tun Waliyyi Augustine, mutumin Arewacin Afirka, malamanta suke da sharuɗɗan yaƙin da ya halatta: dalili na gaskiya, hukuma mai iko, kada ɓarna ta fi amfani, kada a taɓa wanda ba mayaƙi ba. A watan Oktoba na 1965, Denton yana wata na uku a kulle, Paparoma Paul na Shida ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya yana roƙon kada a sake yaƙi. A 1968 wasu limaman Katolika biyu 'yan gida ɗaya, Daniel da Philip Berrigan, suka ƙona takardun ɗaukar soja a Catonsville don adawa da yaƙin, aka yanke musu ɗauri. Rosari ɗaya suke ja da Denton. Kowannensu ya shiga kurkuku yana ganin Allah yake bi.

An sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta ta Paris ranar 27 ga Janairu, 1973. Ranar 12 ga Fabrairu jirgin farko na fursunonin da aka sako ya sauka a sansanin Clark a ƙasar Filifin, kuma Denton ne ya fara saukowa. Gaba ɗaya fursunoni 591 aka sako. Ya tsaya gaban makirufo, a rame, ya ce alfarma ce gare su da suka samu damar bauta wa ƙasarsu cikin mawuyacin hali, ya gode wa shugaban ƙasa da jama'a, ya roƙi Allah ya albarkaci Amurka. Mutane da yawa sun yi kuka a gaban talabijin.

Sai kashi na uku, wanda aka fi tsallakewa. Ku duba ƙasar da ya tarar. Makonni uku kafin saukarsa, ranar 22 ga Janairu, Kotun Ƙoli ta halatta zubar da ciki a duk faɗin ƙasar. A 1969 jihar California ta yi dokar saki ba tare da an kafa wa kowa laifi ba, wasu jihohi suka bi. Fina-finan batsa sun fito fili. An kashe Martin Luther King, an je duniyar wata, duk yana kulle. Har majami'arsa ta sauya. Babban taron Vatican na Biyu ya ƙare a Disamba 1965, aka sake tsarin Mas, aka koma yin ta da harshen jama'a, fada ya juyo yana fuskantar mutane. Wato sujadar da ya riƙe a ka shekara bakwai, ya dawo ya tarar ba haka ake yin ta ba. Sauran jama'a sun sha waɗannan sauye-sauye da cokali, shi kuwa da ƙwarya aka ɗura masa rana ɗaya. 'Ya'yan da ya bari ƙanana sun zama manya, da ra'ayinsu.

Ya ci gaba da aiki, ya shugabanci kwalejin hafsoshi ta Norfolk, ya yi ritaya a 1977 da muƙamin riya admiral. A 1980 ya tsaya takarar sanata a Alabama a jam'iyyar Republican, ya ci. Ku tuna da Fada Coyle. Jihar da aka sallami wanda ya kashe limamin Katolika, bayan shekara 59 ta zaɓi ɗan Katolika, kuma 'yan Baftis masu ra'ayin riƙau suna cikin waɗanda suka fi yi masa aiki. Tsoron abin da ke faruwa da iyali ya haɗa waɗanda aƙida ta raba.

A majalisa abin da ya fi sa wa gaba shi ne dokar 1981 kan rayuwar iyali ta matasa, wadda ta ba da kuɗi ga shirye-shiryen koyar da kamewa kafin aure da tallafa wa 'yan mata masu ciki. 'Yan jarida suka yi ta yi masa ba'a, aka kai dokar kotu cewa ta cusa addini cikin aikin gwamnati, a 1988 Kotun Ƙoli ta bar ta a tsaye. Amma akwai inda ni ba zan kare shi ba. A 1982 yana cikin sanatoci takwas kacal da suka ƙi amincewa da sabunta dokar kare 'yancin zaɓe, dokar da baƙaƙen fata suka zubar da jini a Selma, cikin jiharsa, kafin a same ta. A shekarar kuma ƙaramin kwamitin da yake shugabanta kan tsaro da ta'addanci ya zauna yana binciken ANC da SWAPO, ƙungiyoyin gwagwarmayar 'yanci na Afirka ta Kudu da Namibiya, a matsayin 'yan koren Tarayyar Sobiyet, lokacin Nelson Mandela yana shekara ta 20 a kurkuku. Mutumin da ya san mari a ƙafarsa bai gane ɗan'uwansa a wahala ba, saboda duk inda ya hango kwaminisanci, fuskar masu igiya yake gani.

Abin da nake nufi da hali ɗaya ke nan. A Alcatraz duniya gida biyu ce, mu da su, kuma duk wanda ya ce a sasanta ya fara zamewa. Wannan gaskiya ne a can. Majalisa kuwa wurin ciniki ce, ka ba ni in ba ka, ka je mazaɓarka ka sha hannu da mutane ka ji kukansu. Shi bai iya wannan ba, bai ma ga dalilinsa ba. Aka yi ta ƙorafin ba a ganinsa a gida. A 1986 Richard Shelby ya kayar da shi da ratar da ba ta kai ƙuri'a 7,000 ba, cikin sama da miliyan ɗaya da aka kaɗa. Zango ɗaya ya yi.

Abin da ya fi daɗewa cikin aikinsa na majalisa ƙaramin abu ne da ba a yi hayaniya a kansa ba. A 1985 ya sa aka yi gyaran doka cewa in jirgin dakon kaya na soja zai tashi da sauran wuri, ƙungiyoyin agaji su iya loda magani, kayan asibiti, tufafi da kayan makaranta kyauta zuwa ƙasashe matalauta. Har yau shirin yana ɗauke da sunansa. Bayan ya bar majalisa, irin wannan aikin agaji ya ci gaba da yi ta gidauniyarsa har tsufa ya cim masa.

Jane ta rasu a 2007, bayan shekara 61 da aure. Ya ƙara shekara shida da 'yan watanni, ciwon zuciya ya ɗauke shi a Virginia Beach, ya bar 'ya'yansa bakwai da jikoki da tattaɓa-kunne. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. Rundunar sojan ruwa ta sa wa wani jirgin yaƙi sunansa.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Ya ce tambaya ɗaya za a ɗauka. Baba, bismillah.

[Wani dattijo daga layin gaba: Malam, ka ce a ɗarikarsu ba saki. Na taɓa jin cewa ya sake aure. Yaya ke nan?]

Ranka ya daɗe, haka ne, ya sake aure bayan rasuwar Jane, kuma matarsa ta biyu tana raye lokacin da ya rasu. Ba saɓani a ciki. Alkawarin da ake yi a gaban fada shi ne har mutuwa ta raba, saboda haka wanda matarsa ta rasu, ko wadda mijinta ya rasu, yana da damar sake aure a majami'a. Abin da aka hana shi ne sabon aure alhali abokin zaman farko yana da rai, sai fa in kotun ikilisiya ta bincika ta ce auren farko tun asali bai ɗauru ba. Wannan hukunci kuwa ya fi shafar Jane a shekarun nan bakwai fiye da shi. Da labari ya yanke gaba ɗaya, kamar yadda ya faru da matan da mazansu suka ɓace ba gawa ba wasiƙa, da sai hukumar ikilisiya ta gamsu cewa ya mutu kafin ta iya wani aure, ko da gwamnati ta riga ta rubuta shi cikin matattu.